Imamu Gazali Da Watanni Shida Na Ƙuncin Zuciya

A wannan mako za mu duba rayuwar Hujjatul Islam, Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Gazali, Allah Ya ji ƙansa. Sunansa ba baƙo ba ne a zaurukan malamanmu, domin da wuya a sami babban malami a ƙasar nan wanda bai taɓa buɗa Ihya'u Ulumid Din ba, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi sun sha kafa hujja da maganganunsa cikin littattafansu. Amma abin da ba a cika gaya wa almajirai ba shi ne, mutumin da ya rubuta wannan littafi ya taɓa shiga wani irin ƙunci na zuciya wanda ya ƙulle masa harshe, ya hana shi cin abinci, har likitoci suka ɗebe tsammani. A nan nake so mu daɗe, saboda abin da ya rubuta daga baya game da dogara ga Allah daga wannan ƙunci ya ɓuɓɓugo.

An haife shi a Ɗus, wani gari na ƙasar Hurasan wanda kufansa ke kusa da birnin Mashhad a Iran ta yau, wajen shekara ta 450 bayan Hijira, watau 1058 Miladiyya. Masu tarihi sun ruwaito cewa mahaifinsa talaka ne mai kaɗin ulu yana sayarwa, mai son zama gaban malamai ko da yake shi bai sami karatu ba. Saboda wannan sana'a ne waɗansu ke karanta sunan da shadda, su ce Gazzali, watau mai kaɗi. Waɗansu kuwa suka ce jingina ce ga wani ƙauye mai suna Gazala. Mu dai a nan Gazali muka saba da shi. Da ajali ya kusanto uban, sai ya damƙa 'ya'yansa biyu, Muhammadu da Ahmadu, ga wani abokinsa sufi, tare da ɗan abin da ya mallaka, ya roƙe shi ya koya musu karatu da rubutu. Ba a daɗe ba kuɗin suka ƙare, mariƙin kuwa shi ma faƙiri ne, sai ya shawarce su da su shiga makarantar da ake ciyar da ɗalibai. Ashe ke nan neman abin sawa a baka ne ya fara kai Gazali ga fiƙihu.

Ya fara karatu a garinsu wurin Malam Ahmadu Ar-Razakani, sa'an nan ya tafi Jurjan neman ƙari. A kan hanyarsa ta komowa ne, in ji masu ruwaya, 'yan fashi suka tare ayarinsu suka kwashe kome, har da jakar da ya zuba takardun darussansa. Ya bi su yana magiya a mayar masa da takardun kaɗai. Shugaban ɓarayin ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa ilmin da za a ƙwace a hanya a bar mai shi fanko bai cika ilmi ba, kana aka jefo masa jakar. Da ya isa gida sai ya yi shekara uku yana haddace abin da ke ciki. Daga nan ya nufi Naisabur, ya zauna gaban Imamul Haramaini Al-Juwaini, jigon Shafi'iyya da ilmin tauhidi na zamanin, har ya zarce tsararrakinsa.

Juwaini ya rasu a 478 (1085). Gazali ya koma majalisar Nizamul Mulk, wazirin Sarki Malikshah na Turkawan Saljuk, wanda ya gina makarantun Nizamiyya a manyan birane. Majalisar wazirin nan matattarar malamai ce, kullum ana gwabza muhawara, Gazali kuwa ya yi fice a ciki. A shekara ta 484 (1091) waziri ya naɗa shi babban malamin Nizamiyyar Bagadaza, yana da kamar shekara talatin da huɗu. A lokacin nan da wuya a sami buzun karatu da ya fi wannan daraja a duniyar Musulmi. Ɗalibai ɗari uku ke zama gabansa, manyan gari suna halartar darasinsa, fadar Halifa tana neman fatawarsa.

Sai dai zaman lafiyar bai daɗe ba. Cikin watan Azumi na 485 (1092) aka soke Nizamul Mulk da wuƙa a hanyarsa ta zuwa Bagadaza, kisan da galibin masu tarihi suka ɗora wa 'yan Baɗiniyya, mabiyan Hasan Sabbah. Bayan wata guda da 'yan kwanaki Sarki Malikshah ma ya rasu, gidan sarauta ya dare, 'ya'yansa da ɗan'uwansa Tutush suka shiga yaƙin neman gado. A farkon 487 (1094) Halifa Al-Muƙtadi ya rasu bagatatan, aka naɗa ɗansa Al-Mustazhir, saurayi ɗan shekara goma sha shida. Kafin a cika shekara ɗaya da rabi, waziri da sarki da halifa duk sun kau. Gazali yana tsakiyar wannan hatsaniya, shi ne ma sabon Halifa ya umarta ya rubuta raddi ga Baɗiniyya, ya kuwa rubuta Fada'ihul Baɗiniyya, alhali ya san abin da mutanen nan suke yi wa masu sukarsu.

Wannan shi ne abin da idon jama'a ya gani. Abin da ke cikin ƙirjinsa kuwa, da ba wanda zai san shi ba don ya bayyana shi da kansa ba a ɗan littafinsa Al-Munƙizu Minad Dalal, wanda ya rubuta yana da shekara hamsin da ɗoriya. A ciki ya nuna cewa ciwo iri biyu ya same shi, kowanne da lokacinsa.

Na farko shi ne ciwon shakka. Tun yana ƙuruciya ya lura cewa kowane yaro da addinin iyayensa yake tashi, ɗan Bayahude ya tashi Bayahude, ɗan Banasare ya tashi Banasare, ɗan Musulmi ya tashi Musulmi. Wannan ya sa ya shiga tambayar kansa, cikin abin da ya yi imani da shi, wanne ya sani da yaƙini, wanne kuwa gado kawai ya yi? Ya ɗauki ma'auni mai tsanani, ya ƙudurta ba zai kira abu ilmi ba sai wanda shakka ba ta da kafar shiga cikinsa. Da ya auna, sai ya ga ba abin da ya saura masa face abin da ido da kunne suka shaida, da abubuwan da hankali ba ya iya musantawa, kamar cewa goma ta fi uku yawa. Ya juya kan ido, sai ya tarar ido ma yana ruɗin mai shi. Yana ganin inuwa tsaye cik, bayan sa'a guda kuwa sai a ga ta gusa. Yana ganin tauraro bai fi dinari ba, alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Hankali ne ya ƙaryata ido a nan. To, me zai hana a bayan hankali akwai wani alƙali, wanda in ya bayyana zai ƙaryata hankalin shi ma, kamar yadda mai barci ke gaskata mafarkinsa har sai ya farka?

Ya nemi hujjar da zai fita da ita ya rasa, domin kowace hujja a kan tushen hankali ake gina ta, tushen kuwa shi ake tuhuma. Kusan wata biyu ya yi cikin wannan hali, bai furta wa kowa ba, amma zuciyarsa ba ta iya riƙe kome. Yadda ya warke shi ne abin lura. Mutumin da ya fi kowa iya tsara hujja a zamaninsa ya shaida cewa ba da hujja ya fita ba. Wani haske ne Allah Ya jefa a ƙirjinsa, natsuwa ta komo masa, ya sake yarda da hankalinsa.

Bayan warkewa ya raba masu neman gaskiya na zamaninsa gida huɗu, ya shiga kowane gida ya bincika. Ilmin kalam, watau tauhidin muhawara, ya same shi da amfani wajen tsare aƙida daga masu bidi'a, amma bai kashe masa ƙishirwa ba. Falsafa ya karanta shi kaɗai ba malami, a ɗan lokacin da ke ragowa daga koyarwa, ya ƙare ta cikin ƙasa da shekara biyu, ya ƙara kusan shekara guda yana tunani a kai, sa'an nan ya rubuta Tahafutul Falasifa, inda ya yi musu raddi a mas'ala ashirin. Baɗiniyya kuwa mun riga mun ji yadda ya yi da su. Saura sufaye. Ya karanta Ƙutul Ƙulub na Abu Ɗalib Al-Makki da littattafan Harisu Al-Muhasibi da maganganun Junaidu da Shibli da Abu Yazid Al-Bisɗami, har ya san duk abin da ake iya sani ta karatu. A nan ne ya gane cewa abin da ke wurinsu da ɗanɗano da aiki ake samunsa, kamar yadda likita in ya kwanta ciwo, ya san ma'anar lafiya da sababanta da magunguna, amma dai ba shi da lafiyar.

Daga wannan ganewa ciwo na biyu ya taso, shi ne kuwa mafi tsanani. Ya dubi ayyukansa ya ga mafi kyawunsu shi ne koyarwa. Ya dubi abin da yake koyarwa ya ga yawancinsa ba ya amfanar mai tafiya lahira. Ya dubi niyyarsa, sai ya tarar ba don Allah tsantsa ba ce, son girma da yaɗuwar suna ne ke motsa ta. Ku duba fa, jama'a, ba wani ne ya tuhume shi ba, kowa yabonsa yake yi. Shi ne ya zauna ya yi wa kansa hisabi, ya ga kansa a bakin gaɓa mai zaizayewa, wuta na ƙarƙashi.

Sanin ciwo daban, iya shan magani daban. Yau ya ƙudurta zai bar Bagadaza, gobe ya warware. Da safe son lahira ya yi ƙarfi, kafin maraice son duniya ya rinjaye shi. Imani yana kiransa ya tashi tun da sauran numfashi, shaiɗan kuma yana raya masa cewa wannan hali ne mai wucewa, in ya saki wannan daraja da wannan zama mai daɗi, wata rana ransa zai so komowa ya tarar ƙofa ta rufe. Wanda duk ya taɓa kwana yana juye-juye tsakanin abin da ya san shi ne daidai da abin da yake tsoron rasawa, ya san wannan dare. Gazali kusan wata shida ya yi a cikinsa, tun daga Rajab na 488, watau Yuli 1095.

A cikin watan nan al'amarin ya fita daga hannunsa. Harshensa ya ƙulle ga barin koyarwa. Yakan tilasta wa kansa ya fito ko da rana guda don ya faranta wa ɗalibansa, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Baƙin cikin wannan ya sauka cikinsa, ya zama romo ba ya haɗiyuwa, loma ba ta narkewa, ƙarfinsa ya ƙare. Aka kira likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, daga bisani suka yanke cewa abu ne da ya sauka a zuciya ya yaɗu zuwa jiki, ba kuwa zai warke ba sai damuwar da ke ciki ta gushe. Lallai likitocin Bagadaza sun san aikinsu, domin abin da suka faɗa shekara ɗari tara da suka wuce, likitocin yau ma sun tabbatar da cewa damuwa tana kayar da jiki.

Da ya ga gazawarsa, dabara ta ƙare masa ƙaf, sai ya koma ga Allah komawar wanda ya matsu, wanda ba shi da sauran wata hanya. Allah kuwa Ya amsa masa, Ya sauƙaƙe wa zuciyarsa rabuwa da girma da dukiya da 'ya'ya da abokai. A ganina nan ne mabuɗin rayuwar Gazali. Shekara da shekaru yana karantar da mutane cewa babu mai yi sai Allah, yana kuma iya kawo dalili goma a kai. Amma bai ɗanɗani dogara ga Allah ba sai ranar da harshen da yake taƙama da shi ya ƙi motsi.

Ya bayyana wa mutane cewa Makka za shi, alhali Sham ya ƙudurta, don kada Halifa da abokai su gane niyyarsa ta zama can su hana shi. Ya rabar da dukiyarsa, bai rage ba sai abin da zai ishe shi da abincin 'ya'yansa. Ɗan'uwansa Ahmadu ya riƙe masa karatu a Nizamiyya. Cikin Zulƙida na 488 (Nuwamba 1095) ya fita Bagadaza da niyyar ba zai ƙara komowa ba.

Gari ya ɗauki surutu. Malaman Iraƙi suka yi ta sukarsa, domin a wurinsu matsayin da ya bari shi ne ƙololuwar addini, ba su ga yadda za a bar shi saboda addini ba. Mutanen nesa suka ce tsoron mahukunta ne ya kore shi. Na kusa, da suka ga yadda mahukuntan suke lallashinsa ya zauna, sai suka ce kambun baka ne ya sami Musulunci da malamansa. Har a wannan zamani akwai masu bincike da suke ganin tsoron wuƙar Baɗiniyya ne, ko kuwa canjin mulki, domin a farkon shekarar nan ce Sarki Barkiyaruƙ ya ci baffansa Tutush da yaƙi. Ni ban ga abin da zai hana a haɗa biyun ba. Mutumin da ya ga an kashe ubangidansa, ya ga gadon sarauta yana juyawa, ba abin mamaki ba ne in tsoro ya shige shi, tsoron nan kuma ya tuna masa da mutuwa da hisabi. Sau da yawa ta ƙofar fargabar duniya Allah Yake shigar da tsoron lahira. Abin da ke nuna gaskiyarsa shi ne, bayan ƙura ta lafa an sake nemansa a Bagadaza, ya ƙi.

Ya sauka Dimashƙa, ba shi da aiki sai kaɗaita da zikiri da gyaran zuciya. Yakan hau hasumiyar babban masallacin Banu Umayya ya rufe ƙofa ya wuni a ciki. Daga nan ya wuce Baitul Muƙaddas, kullum ya shiga Ƙubbatus Sahra ya kulle kansa. Ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a garin Halil, inda ya ɗauki alkawari uku waɗanda ya ambata daga baya cikin wasiƙunsa: ba zai ƙara zuwa ƙofar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai sake shiga muhawarar nuna fifiko ba. Ya yi aikin Hajji a 489 (1096), ya ziyarci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina. Shekara uku bayan wucewarsa, a 492 (1099), mayaƙan Salibiyya daga Turai suka ci Baitul Muƙaddas.

Kada mai karatu ya zaci daga nan ya sami hutu ke nan har abada. Kiran 'ya'yansa da buƙatun gida suka jawo shi ya komo, ya bi ta Bagadaza a 490 (1097) ya zauna kaɗan ba tare da ya koma kujerarsa ba, ya zarce Ɗus. Ya faɗa da kansa cewa al'amuran zamani da hidimar iyali da neman abin masarufi sun riƙa gurɓata masa kaɗaitar, natsuwa ba ta samuwa sai jefi-jefi, amma bai yanke ƙauna ba, in an kawar da shi ya sake komowa. Haka ya yi ta yi wajen shekara goma. Cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya, kashi huɗu, kowane kashi littafi goma, na talatin da biyar daga ciki shi ne na tauhidi da tawakkali.

Kalmar tawakkali daga wakala ta fito, tushensu ɗaya da kalmar wakili da muke amfani da ita a Hausa, Gazali kuwa da wannan ya fassara ta. Ya kawo misalin mutumin da aka kai ƙara bisa ƙarya, ya naɗa wakili ya tsaya masa gaban alƙali. Hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya tabbata wakilin nan ya san kan shari'ar, yana da ƙarfin faɗin gaskiya ba tsoro, yana da fasahar bayyana ta, kuma yana tausayinsa har zuciya. Gwargwadon yadda ya yarda da waɗannan, gwargwadon barcinsa. To, wanda ya sakankance cewa ilmi da iko da rahama duk sun cika ga Allah, shi ne zuciyarsa za ta jingina gare Shi.

Sa'an nan ya yi wata magana wadda ba mai yin ta sai wanda ya sha ɗacin abin. Ya nuna cewa mutum yana iya kasancewa da yaƙini, amma zuciyarsa ta ƙi natsuwa, saboda rauni da tsoro da wahami da suka rinjaye ta. Misalin da ya bayar shi ne wanda aka ce ya kwana ɗaki ɗaya da gawa. Ya san sarai gawa ba ta tashi, ba ta da bambanci da dutse wajen motsi, duk da haka barci ba zai ɗauke shi ba. Watau sanin hankali daban, kwanciyar zuciya daban, kowanne da irin maganinsa. Wannan abin tunawa ne ga masu saurin gaya wa wanda damuwa ta kayar cewa rashin imani ne ke damunsa. Wanda aka yi wa laƙabi da Hujjatul Islam ya yi wata shida cikin wannan hali, ba kuwa don ya jahilci Ubangijinsa ba.

Ya kasa tawakkali daraja uku. Ta farko ita ce ta mai wakili da muka ambata. Ta biyu ita ce halin jariri da mahaifiyarsa, bai san kowa ba sai ita, in abu ya firgita shi sunanta ne farkon abin da ke zuwa bakinsa. Ta uku ita ce zama kamar mamaci a hannun mai wanka. Amma bai ruɗi mai karatu ba, ya bayyana cewa biyun ƙarshe ba safai ake samunsu ba, in an samu kuma ba sa daɗewa. Ya kamanta ta uku da koɗewar fuskar wanda ya tsorata, yanzu ta zo yanzu ta wuce, ta biyu kuwa da koɗewar mai zazzaɓi, kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya ji natsuwa jiya ya wayi gari yau da fargaba, halin ɗan Adam ne ya same shi.

Game da aiki kuwa ya tsananta wa masu zaton tawakkali shi ne barin sana'a da dabara, mutum ya yashe a ƙasa kamar tsumma, ya kira wannan zaton jahilai, ya ce shari'a ta haramta shi. Mai jin yunwa da aka ajiye wa akushi sai ya miƙa hannu, manomi sai ya yi shuka, mai gida ya kulle ƙofarsa, mai raƙumi ya ɗaure shi, mara lafiya ya sha magani, zuciya dai kada ta rataya ga hannu ko iri ko kwaɗo. Mai iyali ba shi da ikon ɗora wa iyalinsa yunwa da sunan tawakkali, ajiye musu abincin shekara ma ba ya ɓata shi. Shi da kansa haka ya yi, sai da ya tanadar wa 'ya'yansa kafin ya bar Bagadaza. Gaskiya ne akwai hikayoyin sufaye masu ƙetare iyaka da ya kawo a littafin, waɗanda Ibnul Jauzi ya soke shi a kansu, akwai kuma hadisai masu rauni, waɗanda Hafizu Al-Iraƙi ya bi ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayinsu. Mai karanta Ihya ya kamata ya karanta shi gaban malami.

Bayan shekara goma sha ɗaya da barin Bagadaza sai wata jarrabawa ta zo masa ta fuskar da bai zata ba. Fahrul Mulk ɗan Nizamul Mulk, wazirin Sarki Sanjar mai mulkin Hurasan, ya matsa masa ya koma koyarwa a Nizamiyyar Naisabur. Shi ma ya riga ya ga yadda imanin mutane ya yi sanyi, yana kuma tsoron kada kaɗaitarsa ta zama son hutu ne kawai. Ya shawarci salihan bayi, suka haɗu a kan ya fita. Cikin Zulƙida na 499 (1106) ya koma karantarwa. Ya bayyana cewa a da yana yaɗa ilmin da ake samun girma da shi, yanzu kuwa yana kira ga ilmin da ake barin girma da shi, ya kuma yarda bai sani ba ko zai cim ma burinsa ko ajali zai riga shi. Dogara ga Allah ɗin da ya fitar da shi daga makaranta, shi ne ya mayar da shi.

Ba a yi wata uku ba aka kashe Fahrul Mulk, ranar Ashura ta shekara ta 500, kamar yadda aka kashe mahaifinsa. Mahassada suka taso, suka tono wani littafi da ya rubuta tun yana ɗalibi, Al-Manhul, suka kai ƙararsa wurin Sanjar cewa ya ci mutuncin Imamu Abu Hanifa. Ya rubuta wa sarki ya nemi a ɗauke masa zuwa saboda alkawarin da ya yi a Halil, sarki ya nace. Da ya tsaya gabansa ya wanke kansa, ya yi wa sarkin wa'azi, ya kuma roƙa wa talakawan Ɗus sassauci, domin sanyi da fari sun lalata musu amfanin gona. Sanjar ya girmama shi. A can yamma kuma, a Ƙurɗuba ta Andalus, aka tara kofen Ihya aka ƙone a 503 (1109), zamanin Sarki Aliyu ɗan Yusufu na Murabiɗai, bisa fatawar waɗansu malaman Malikiyya. Ikon Allah, ga shi yau a ƙasashen Malikiyya, har da tamu, littafin yana cikin waɗanda ake ji da su.

Akwai shaidar wani da ya san shi gaba da baya, watau Abdul Gafir Al-Farisi, malamin Naisabur. Ya san shi tun yana saurayi mai ji da kansa, mai raina mutane saboda kaifin basirarsa da iya maganarsa. Da ya gan shi bayan komowa ya sauya, da farko ya zaci shiga ce kawai ya yi. Ya yi ta ziyartarsa yana lura, har ya tabbata mutumin ya warke da gaske.

Daga ƙarshe ya koma Ɗus. Ya gina makaranta ta ɗaliban fiƙihu da zawiyya ta sufaye kusa da gidansa, ya raba lokacinsa tsakanin saukar Alƙur'ani da karantarwa da zama da masu zikiri, ya kuma duƙufa kan Buhari da Muslim. A 504 (1110) aka aiko masa ya komo kujerarsa ta Bagadaza, ya ba da hanzari da ɗalibansa na Ɗus da iyalinsa da alkawarinsa.

Ɗan'uwansa Ahmadu ya ba da labarin rasuwarsa. Ranar Litinin, 14 ga Jimada Sani 505, watau Disamba 1111, ya yi alwala ya sallaci Asuba, ya ce a kawo masa likkafaninsa. Ya karɓa ya sumbace shi ya ɗora bisa idanunsa, ya furta biyayyarsa ga kiran Ubangijinsa, ya miƙe ƙafafunsa ya fuskanci alƙibla, ya cika kafin gari ya waye sosai. Yana da shekara hamsin da biyar, bai bar ɗa namiji ba sai 'ya'ya mata. Aka binne shi a Ɗabaran, cikin ƙasar Ɗus. Allah Ya ji ƙansa, Ya yi masa rahama.